Jarrabawar Lantarkin Mota: Abin da Ya Kamata Iyaye Su Sani Kafin Su Biya Kuɗin Rajista

Sanin kowa ne cewa duk shekara idan lokacin rajistar jarrabawar kammala sakandare ya kewayo, hankalin iyaye yakan tashi. Wani ya sayar da buhun masara, wata ta kwashe adashinta, wani ya ci bashi a wurin aiki, domin dai kada a bar ɗansu a baya. Amma cikin iyaye goma da wuya a sami biyu da za su zauna su tambaya mene ne jarrabawar take bukata daga wurin yaron, ko kuwa makarantar da suke biya ta shirya shi. A wannan mako mun ga ya dace mu ɗauki darasi guda, wato aikin lantarkin mota da gyaransa, mu baje wa masu karatunmu sharuɗɗansa dalla-dalla. Dalilinmu shi ne samarinmu da yawa suna sha'awar wannan sana'a, hanyar samun takardar shaidarta kuwa ta canja, alhali iyaye da dama ba su da labari.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: wannan jarrabawa tana auna kai da hannu ne tare. Yaron da aka koya wa a kan allo kawai ba zai ci ta ba, wanda ya tashi a gareji bai iya karatu da lissafi ba shi ma ba zai ci ta ba. Saboda haka wajibi ne uba ko uwa su tabbatar da cewa inda suka kai ɗansu akwai malami, akwai ɗakin aiki, akwai kuma izinin hukumar jarrabawa, tun kafin a ɓata shekara uku da kuɗi masu yawa.

Da farko bari mu duba abin da ya sa sana'ar ta kai a yi mata jarrabawa. A shekarar 1975, lokacin da aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna, lantarkin mota bai taka kara ya karya ba. Batir ne, da sitata, da abin caji, da koyil, da fulogi, da fitilu, da ham. Mai gyaran waya, wanda a gareji ake kira rewaya, yana iya gano cuta da ƙwan fitila guda da guntuwar waya. Motocin Kwatano da suka cika titunanmu yanzu kuwa kwamfuta ce take sarrafa su, wadda kanikawa ke ce wa burenbos. Ita ke auna iskar da inji ya shaƙa, ita ke ƙayyade man da za a fesa, ita ke faɗin lokacin da fulogi zai ba da wuta. Tun daga 1996 dokar Amurka ta tilasta wa kowace ƙaramar mota da za a sayar a can ta zo da wata kafa mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike ta fito da lambar matsala. Lambar kuwa ba ta gyara mota. Sai an sami wanda ya iya karanta ta, ya san wayar da zai bi da abin da zai auna. Akwai kuma motoci masu haɗa fetur da lantarki, irin su Toyota Prius, waɗanda babban batirinsu ya kai bolt 200, wayoyinsu masu launin lemo ne domin gargaɗi, kuma taɓa su da ka yana iya kashe mutum nan take. Bugu da ƙari, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 mutane suke mai da motocinsu masu amfani da iskar gas, wannan aiki ma ba ya yiwuwa sai da mai sanin waya. Idan kiɗa ya canja, dole rawa ta canja.

To, ta wace ƙofa yaro ke shiga wannan jarrabawa? A nan ne ya kamata a natsu, domin ƙofofin sun sha sauyi. Tsarin ilimi na 6-3-3-4 da aka fara aiki da shi a 1982 ya zo da niyyar koya wa yara aikin hannu tun daga ƙaramar sakandare. Manya a cikinmu za su tuna yadda aka shigo da injuna daga ƙasashen waje, da yawansu suka ruɓe a cikin akwatunansu saboda rashin wuta da rashin malamai. A 1992 aka kafa hukumar NABTEB mai hedkwata a Benin, domin ta karɓi jarrabawar sana'o'i wadda a da hukumomin Ingila irin su City and Guilds suke shiryawa. Ita ce ke ba ɗaliban kwalejojin fasaha takardar NTC bayan shekara uku, hukumar NBTE da ke Kaduna kuwa ita ke tsara manhajar waɗannan kwalejoji.

A 2011 aka shigo da sabuwar manhajar babbar sakandare mai ɗauke da sana'o'i 34, aka ce kowane ɗalibi ya zaɓi ɗaya. Aikin lantarkin mota yana cikinsu, haka ma kanikanci da gyaran jikin mota da fenti. Daga 2014 hukumar WAEC ta fara yin jarrabawa a kansu. Sai kuma a 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da sanarwar rage yawan darussa, ta mai da sana'o'in makarantun sakandare na gama-gari guda shida kacal: haɗa lantarki mai aiki da hasken rana, ɗinki da tsara tufafi, kiwon dabbobi, kwalliya da gyaran jiki, gyaran kwamfuta da wayar salula, sai noman lambu da amfanin gona. Lantarkin mota ba ya cikin shidan nan.

Ma'anar wannan a fili take. Yaron da yake son takardar shaida a kan lantarkin mota, hanyarsa ta sosai ita ce kwalejin fasaha da jarrabawar NABTEB. Shawarar kuwa ba a aji na ƙarshe ake yanke ta ba. Ana yanke ta ne lokacin da yaro ya gama aji uku na ƙaramar sakandare, yana ɗan shekara 14 ko 15, domin daga nan ne hanya ta rabu biyu. Uban da ya bari sai ɗansa ya kai aji shida sannan ya ce yana so a yi masa rajistar wannan darasi, ya zo fafe gora ranar tafiya. Hukumomin jarrabawa suna haɗawa da makin gwaje-gwajen da ɗalibi ya yi a makaranta cikin shekarun karatunsa, darasin da ba a koya masa ba kuwa ba shi da makin da za a aika.

Yanzu sai abin da ake tambaya. Tsarin da WAEC ta bi tun 2014 kashi uku ne: takardar zaɓen amsa daidai, takardar rubuta bayani da zane, da kuma gwajin aiki da hannu a gaban mai dubawa. Ita ma NABTEB tana auna ɗalibanta da rubutu da kuma aikin hannu. Duk da Turanci ake yi. Wannan kaɗai ya isa ya ja hankalin iyaye, domin yaron da ya san kowane ƙarfe da sunansa na gareji, idan bai san sunansa na littafi ba, zai zauna yana kallon tambayar da ya san amsarta amma bai gane ta ba.

Abu na farko da manhaja ke farawa da shi shi ne kiyaye lafiya a wurin aiki. Ana so ɗalibi ya san cewa ruwan batir asid ne mai cin fata da tufafi, mai makantar da ido. Idan za a haɗa shi, asid ake zubawa a cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa a cikin asid. Ana so ya san cewa batir yana fitar da iskar haidirojin sa'ad da ake cajinsa, ƙyastu ɗaya na ashana ko tartsatsin waya yana iya fasa shi. Ana so ya san cewa idan za a cire batir, kan da aka haɗa da jikin mota, mai alamar ragi, shi ake fara kwancewa, shi ne kuma na ƙarshe wajen mayarwa. Dalili kuwa shi ne idan aka fara da ɗaya kan, sifana ta taɓa jikin mota, wuta za ta bi ta cikin sifanar da ƙarfin da zai iya narka zoben da ke yatsan mutum.

Abu na biyu shi ne tushen ilimin lantarki da lissafinsa: bolt, wato ƙarfin da ke tura wuta; amfiya, yawan wutar da ke gudana; om, turjiyar da waya ko ƙwai ke yi wa wutar; da wat, yawan aikin da wutar ke yi. Kada wani ya ce wannan lissafin banza ne. Ga misali. Ƙwan babbar fitilar mota yakan zama wat 55. Biyu sun zama wat 110. Idan aka raba da bolt 12, za a ga suna jan wajen amfiya 9, fis mai lamba 15 zai ɗauke su lafiya. Sai mai mota ya ce haske bai ishe shi ba, a sa masa ƙwai mai wat 100 guda biyu. Yanzu wat 200 ke nan, wutar ta kusa amfiya 17, fis ya ƙone. Wanda bai san lissafi ba sai ya cire fis ɗin ya ɗaura waya ko takardar azurfa ta kwalin taba a gurbinsa. Fis kuwa mai gadi ne, an yi shi ne ya mutu domin waya ta tsira. Da aka kawar da shi, sai waya ta yi zafi, robarta ta narke, mota ta kama da wuta a tsakiyar hanya da fasinjoji a ciki. Ɗalibin da ya iya raba 200 da 12 ba zai yi wannan ganganci ba.

Abu na uku shi ne batir kansa. Batirin ƙaramar mota yana da ɗaki shida, kowanne yana ba da bolt 2.1, jimla 12.6 idan ya cika. Idan mita ta nuna wajen 12.2 ya kai rabi, idan ta sauka ƙasa da 12 ya kusa ƙarewa. A batir mai murafu ana auna kaurin ruwansa da wani bututun gilashi, cikakke yakan nuna tsakanin 1.260 da 1.280. Idan ruwan ya ragu, tataccen ruwa ake ƙarawa, ba asid ba, ba kuma ruwan rijiya ba.

Daga nan sai tsarin tayar da inji, wato sitata da maganaɗisun da ke tura haƙoranta. Sitata tana jan amfiya sama da 100 a lokacin da ake murɗa makulli, shi ya sa wayarta ta fi kowace kauri, shi ya sa kuma ɗan tsatsa a kan batir yake hana mota tashi ko da batirin sabo ne. Sai tsarin caji: altaneta tana samar da wuta mai kai-da-komo, wasu ƙananan ƙofofi da ake kira dayod su daidaita ta zuwa hanya guda, wani abu kuma ya tsare ƙarfinta tsakanin bolt 13.8 da 14.4 sa'ad da inji ke aiki. Sai tsarin ba da wuta, inda koyil ke ɗaga bolt 12 zuwa dubu 20 ko fiye domin fulogi ya yi tartsatsi, da jerin yadda silinda ke karɓar wuta, wanda a yawancin injuna masu silinda huɗu 1-3-4-2 ne. Sai fitilu, da tirafiketa, da ham, da waifa, da agogunan gaban direba. A kan dukan waɗannan ana so ɗalibi ya iya karanta taswirar waya, ya san alamar kowane abu, ya kuma iya zana ta da hannunsa.

Gwajin aiki da hannu shi ne inda ake rabe aya da tsakuwa. Ana iya ajiye wa ɗalibi batir a ce ya auna shi ya faɗi halin da yake ciki. Ana iya ba shi sitata ko altaneta a ce ya kwance, ya nuna sassanta, ya faɗi wanda ya lalace, ya mayar. Ana iya ba shi allo da waya da ƙwai da makunni da fis a ce ya haɗa. Mai dubawa ba sakamakon ƙarshe kaɗai yake kallo ba. Yana lura da kayan aikin da yaro ya zaɓa, da yadda ya riƙe su, da tsarin da ya bi, da tsabtar wurin da ya bari. Idan fitila ta ƙi kamawa, ɗalibin da aka horar zai fara da batir, ya duba fis, ya auna ko wuta ta iso makunni, ta wuce zuwa rile, ta kai ga ƙwai, sannan ya duba ko hanyar komawarta ta jikin mota tana da kyau. Wanda ba a horar ba sai ya kama canja kaya ɗaya bayan ɗaya, mai mota yana biya, har a dace.

A nan ne al'adar gareji da bukatar jarrabawa sukan yi karo. Kowa ya sha ganin rewaya ya cire kan batir inji yana aiki wai don ya ga ko altaneta tana caji, ko ya goga waya a jikin ƙarfe ya ga ko za ta yi tartsatsi. A tsohuwar mota mai kafireta sau da yawa akan tsira. A motar zamani kuwa wannan dabara tana iya ƙone kwamfutar inji, wadda kuɗinta ya ninka ladan gyaran sau da yawa. A ɗakin jarrabawa wanda ya yi haka ya zubar da maki, domin abin da ake so shi ne ya ɗauko mita ya auna. Ba muna rena iyayen gidanmu na gareji ba ne. Da yawansu suna da basirar da littafi ba ya bayarwa, su ne kuma suka riƙe motocin ƙasar nan shekara da shekaru. Abin da muke cewa shi ne yaro yana bukatar hannunsu da kuma awon makaranta.

Tun da haka ne, makarantar da ke da'awar koyar da wannan darasi dole ta mallaki kayan aiki. Ba a ce sai ta sayi sabuwar mota ba. Amma ko kaɗan a sami batir mai rai da na'urar cajinsa, da mita ta awon lantarki fiye da ɗaya, da ma'aunin ruwan batir, da ƙarfen lanƙaya dalma, da filaya da sukudireba da sifanu, da tsofaffin sitata da altaneta na kwancewa, da allon haɗa fitilu, da inji guda mai tashi, da abin kashe gobara da akwatin magani. Fiye da duka, a sami malamin da shi kansa ya taɓa yin aikin. Makarantar da ta ari kaya ranar da masu duba suka zo, ta mayar washegari, ta cuci yaran da aka ba ta amana.

Akwai wani sharaɗi da iyaye da ɗalibai kan manta. Darasin sana'a shi kaɗai ba ya kai yaro gaba. Ɗalibin kwalejin fasaha yana rubuta Turanci da Lissafi da darussan kimiyya tare da sana'arsa. Wanda ke da burin karatun injiniya a jami'a yana bukatar kiredit biyar, ciki har da Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri, sannan ya rubuta jarrabawar JAMB kamar kowa. Ana karɓar sakamakon NABTEB wajen neman shiga jami'a da kwalejin kimiyya da fasaha. Wanda kuma ya fi so ya zurfafa a sana'ar, bayan ya yi aiki na wani lokaci yana iya komawa ya nemi babbar takarda ta ANTC. Saboda haka maganar da ake yi cewa makarantar fasaha ta yaran da suka kasa ce, magana ce marar tushe. Yaron da zai iya bin taswirar waya mai layi ɗari ya gano inda ta tsinke ba daƙiƙi ba ne. Haka nan babu wata doka da ta hana 'ya mace wannan fanni, aiki ne na natsuwa da lura fiye da ƙarfin damtse.

To, yaya samarinmu da suka riga suka shekara biyar ko goma a gareji ba tare da sun gama makaranta ba? Su ma ƙofa ba ta rufe ba. NABTEB tana yin jarrabawa ta biyu wajen watannin Nuwamba da Disamba domin masu zaman kansu. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana da gwajin sana'a mai mataki uku, daga na uku zuwa na ɗaya. Akwai kuma tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa da NBTE ke kula da shi, wanda ke la'akari da abin da mutum ya riga ya iya ko da a kasuwar Panteka ta Kaduna ya koya. Wani zai ce, me zan yi da takarda tun da ina samun na abinci? Amsarmu ita ce, ranar da kamfani ko ma'aikata ko rundunar soja za su ɗauki masu sana'a, takarda suke fara tambaya kafin su ga hannu. Wanda ya ƙware ba shi da shaida yakan ƙare yana yi wa wanda bai kai shi ba aiki.

Game da rage sana'o'in da aka yi a 2025, mun fahimci hujjar gwamnati. Sana'a 34 a kan takarda abu ne mai daɗin ji, amma makarantu masu yawa ba su da ɗakin aiki ko guda, sai suka raja'a a kan darussan da ba su bukatar komai sai alli. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Sai dai kuma rage ƙofa yana ɗora wa gwamnati nauyi. Makarantun sakandare suna ko'ina, kwalejojin fasaha kuwa 'yan kaɗan ne, akasarinsu a manyan garuruwa. Yaron ƙauye mai basirar waya, wanda ubansa ba shi da halin tura shi makarantar kwana, ina zai nufa? Idan an ce lantarkin mota ya koma kwalejin fasaha, to, a ƙara yawan kwalejojin, a gyara waɗanda ake da su, a ba su wuta da na'urorin binciken motocin zamani, a kuma riƙa tura malamansu ƙaro ilimi. Ba daidai ba ne a koya wa yaro motar 1975 a sallame shi ya je ya tarar da ta yau.

Wajibi ne kuma mu yi magana a kan satar jarrabawa. Akwai wuraren da ake karɓar kuɗin iyaye da alkawarin sakamako mai kyau ko yaro ya iya ko bai iya ba. Wannan mugun abu ne a kowane darasi, amma a wannan fanni illarsa ta wuce kan mai takardar. Wanda ya sayi shaidar lantarkin mota zai taɓa motar da ke ɗauke da rayukan mutane. Fitilar da ta mutu da dare a kan hanyar Jos zuwa Akwanga, ko wayar da ta kama wuta a cikin bas cike da mata da yara, ba ruwansu da makin da aka rubuta a satifiket. Uban da ya biya irin wannan kuɗi yana da hannu a abin da zai biyo baya.

Saboda haka muna kira ga iyaye da masu riƙon yara, kafin ku biya ko sisin kwabo, ku taka da ƙafarku zuwa makarantar, gani ya kori ji. Ku tambayi shugaban makaranta wace hukuma ce za ta yi wa ɗanku jarrabawa, ya nuna muku jerin darussan da hukumar ta amince da su na shekarar da yaron zai rubuta. Ku tambaya ko an amince wa makarantar ta gabatar da ɗalibai a wannan sana'a. Ku ce a buɗe muku ɗakin aiki ku gani. Ku nemi ganin malamin darasin, ku ji sau nawa a mako yara suke taɓa kayan aiki. Ku kuma duba sakamakon ɗanku na Turanci da Lissafi kowane zango. Matambayi ba ya ɓata, makarantar kirki kuwa ba ta jin haushin tambaya.

Muna kira ga masu makarantu, na gwamnati da na mishan da masu zaman kansu, kada ku rubuta a allon ƙofa abin da ba ku da shi a ciki. Idan ba ku da halin koyar da sana'a, ku gaya wa iyaye gaskiya tun yaro yana aji uku, ku nuna musu kwalejin fasaha mafi kusa. Idan kuna da hali, ku ƙulla zumunci da gareji mai mutunci a unguwa domin ɗalibai su riƙa zuwa lokacin hutu.

Muna kira ga iyayen gida masu gareji, ku saki yaranku su je makarantar yamma ko ta yaƙi da jahilci, ku ƙarfafa su su yi rajistar gwajin sana'a. Yaron da ya iya karanta littafin mota da na'urar bincike riba ce ga garejinku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Daga ƙarshe, ku samari da 'yan mata masu sha'awar wannan aiki, ku nemi manhajar jarrabawarku ku karanta ta tun daga shekarar farko, ku sa alama a kan abin da aka koya muku da wanda ba a koya ba, ku tambayi malaminku saura. Ku tara kuɗi ku sayi mita taku ta kanku, ku auna kowane batir da kuka samu izinin taɓawa. Ku koyi sunan kowane abu da harshen gareji da na littafi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma motocin ƙasar nan suna jiran masu gyaran da suka san dalilin abin da suke yi.